Ranar da Na Tsaya wa Ɗan Roba

Jiya na shiga aji da bandeji naɗe a kai har kunne. Yara suka yi tsit, wata ta fara hawaye, a zatonsu ɗan kabaza, mai keken haya, ne ya kayar da ni daga kekensa. Na ce su kwantar da hankali, lafiyata ƙalau, daga jarrabawa nake.

Bari in bi abin daki-daki. Lusungu, 'yar maƙwabciyata NyaGondwe mai sayar da ƙananan kifin usipa, tana shekarar ƙarshe a digirin aikin jinya. Jarrabawar gwaji ce kaɗai ta rage mata. In ta rasa ta, babu rajista, babu farin kaya, sai ta koma gefen uwarta tana korar ƙuda daga kan busasshen kifi.

To, bara Mai Girma Sarkin Almakashi, babban nan na gwamnati mai yawon yanka ƙyalle, ya kai wa jami'arsu mutum-mutumin roba, irin wanda ake koyon allura da ɗaurin rauni a jikinsa. An yi kiɗa, an yanka ƙyalle, manya sun ci tuwon nsima da kaza, ɗalibai sun yi tafi a rana. Daga nan aka kulle ɗan roba, don kada yara su lalata kayan gwamnati. Allah ya ƙara basira. Da aka ga yana kyau a hoto kuma, sai aka riƙa sa shi a mota ana kai shi wasu makarantun ana sake ƙaddamar da shi. Ya zaga ƙasar nan fiye da ni, kuma ban taɓa jin ya bi layin man fetur ba.

Wata yamma NyaGondwe ta leƙo ta kan shinge.

"Malam, ka rufa mana asiri. Lusungu ta rasa abin koyo, lemon gidan nan kaf ya sha allura. Uban kuwa da ya hango ta da bandeji sai ya ce ana nemansa a coci."

"Ni kuma laifin me na yi, Mama?"

"Haƙuri gare ka. Kwanciya kawai za ka yi, kamar ma'aikacin ofis."

Haka na zama kayan koyarwa. Kullum in na taso daga makaranta, sai in miƙe a tabarma Lusungu ta juya ni, ta auna ni, ta naɗe ni.

"Baba Malam, ka daina motsi, kai fa a sume kake!"

"'Yata, sumamme ma yana jin cakulkuli."

Jiya da safe, ranar jarrabawa, sai ga ta tana haki. Ɗan roba yana kudu, ana ƙaddamar da shi karo na ban-san-nawa-ba. Masu jarrabawa sun ce ko a kawo mai kwanciya, ko a ɗage sai baɗi. Uwarta na tsaye a bayanta, tana murza zaninta. Na ɗauki hulata.

A ɗakin jarrabawa na kwanta, na sume yadda aka koya mini. Yarinyar nan ta auna ni, ta naɗe mini kai tsaf. Da ta gama, babbar mai jarrabawa ta duba ɗaurin, ta ce, "Kin ci." Ta kuma yaba cewa wannan ɗan roban ya fi wancan biyayya. Murna ta sa na ruga makaranta ban kwance kaina ba.

Ina miƙa godiya ga Mai Girma. Tun damina nake zarya asibiti don a auna mini jini, ana cewa in dawo gobe. Jiya kuwa na samu gado mai farin zani, babu layi, ƙwararru sun kewaye ni suna rubutu. Ashe in kana son a kula da kai a ƙasar nan, roba ya kamata ka zama. Sai dai don Allah kada ku faɗa wa Mai Girma, yana iya zuwa da almakashinsa ya ƙaddamar da ni.