Yoyon Shugaba

Yau da safe na fito da shirin tafiya kasuwa, sai na tarar igiyar shanyar gidanmu babu riga ko ɗaya, littattafai ne reras suna ɗigar ruwa. Na autata ne. Ita kuma tana gefe a takure, sai atishawa take ba ƙaƙƙautawa.

Kwanon ajinsu ne ya huje, kuma hujin saitin bencinta yake. Masu ofis da gyaran ke wuyansu, Allah ya ƙara musu lafiya, sun zo tun bara. Sun auna hujin, sun yi hoto da shi, sun tafi nemo ƙusa. Har yanzu muna yi musu addu'ar dawowa lafiya.

Da yake ni ma makarantar na yi, tun farkon damina na ce bari in kai kuka ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce, "Malam, da ka ari tsani ka toshe abin nan da kanka."

Na ce, "Haba, ga manya a ƙungiya? Ai raini ne."

A wurin taro na miƙe na yi bayani. Ban rufe baki ba Shugaba, uban tafiya, mai tumbin albarka, ya zare tabarau.

"Wane aji ka ce? Na ƙarshen nan? Layi na biyu ta wajen taga?"

Na ce, "Shi ne, ranka ya daɗe."

Wallahi sai hawaye. "Yoyona! Ashe yana nan da ransa? A ƙarƙashinsa na yi karatu, ku dubi inda Allah ya kai ni yau!"

Mataimaki ya yi zumbur ya ce a ji tsoron Allah, shi yoyon ya fi jiƙawa, Shugaba feshi kawai yake samu. Saura ƙiris a ba hammata iska. Da ƙyar aka raba su da kwamiti, kwamiti kuma ya yanke cewa yoyon kayan tarihi ne, duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ƙungiya.

Na ɗaga hannu na ce, "To, yarinyar fa?"

"Ai don yaran muke wannan wahala," in ji Shugaba. Nan take aka amince a ba ta lema mai hotonsa. Malamarsu ta hana buɗewa, don tana kare wa na baya allo.

Ranar ƙaddamar da yoyo kuwa sama ta ƙi ba da haɗin kai, rana ƙwal, ko gajimare babu. Ga manyan baƙi sun cika aji, an ɗaura ƙyalle, mai hoto ya gyara tsayuwa. Manya ba sa rasa dabara: aka tura maigadi kan rufi da bokiti. Aka zaunar da autata a bencin, aka yanke ƙyalle, ruwa ya sauko mata tsakar ka, wuri ya kaure da tafi. Ni ma na tafa, don Mataimaki yana kallona.

Sannan Shugaba ya bayyana babban tallafin. Daga ranar, duk yaron da ya zo na ɗaya a ajin, shi za a karrama da wannan benci har zangon karatu ya ƙare. Autata kuwa tun da ta shiga makarantar ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba.

Yanzu ajin ya koma wani iri. Malamar ta ce ko sunan yaro ta tambaya, sai ya ce ba a koya musu wurin ba.

Ɗazu ina juya littattafan don su sha iska, auta ta matso ta ce, "Baba, in na zo ta biyar za ka yi fushi?"

Yarinyar da kullum take ce mini likita za ta zama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Uwarta ta dube ni ta ce, "Sai ka ba ta amsa, ɗan ƙungiya."

Na ce, "Yi iya ƙoƙarinki, 'yar nan."

Jama'a, a taya ni da addu'a. Jarrabawa ta matso, damina ko rabi ba ta yi ba, kuma yarinyar nan kanta yana ja. Tsorona kada ta yi iya ƙoƙarinta ta kasa faɗuwa.