Ranar da Madugu Orval Ya Ja Ayari

Duk faɗin jihar Nebraska, daga inda gonakin masara suka fara har inda suka ƙare, ba a taɓa yin direba kamar Orval Pruitt ba. Babu gardama a kan wannan, domin shi da kansa ya faɗa, kuma ya faɗa sau da yawa. Gaskiya ne rabin rayuwarsa katifa yake sayarwa a babban titin garinmu, kuma bai taɓa tuƙa abin da ya fi motar kai wa mutane katifa gida ba. Amma ashe duk tsawon lokacin nan wani gawurtaccen direban manyan motoci ne ke kwance a cikinsa, yana jiran ranar ritaya.

Da ya rufe kanti, shi da matarsa Nadine suka yi abin da tsofaffin yankin suka saba. Suka sayi gida mai taya, dogon nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki. In sanyi ya kawo jiki su ja shi zuwa jihar Arizona mai ɗumi, in ƙanƙara ta narke su dawo. Wata farar a-kori-kura ce ke jan gidan, lafiyayya, ba ta taɓa ba su kunya a hanya ba. Laifinta ɗaya ne tak. Wata rana a zango, wani tsohon manomi mai suna Clete Hostetler ya zo ya faka tasa a-kori-kurar kusa da ta Orval, sai ga ta Clete ta ɗan ɗara tsawo. Ba wanda ya lura sai Orval. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Suna komawa gida ya sayo kan tirela. Ba ƙarama ba, irin wadda ke jan shanu da hatsi daga wannan teku zuwa wancan, ja wur, da gado a bayan kujerar direba. Wani kamfani ne ya gama tatsar ta ya sallama. Orval ya raɗa mata suna Jan Bijimi.

Nadine ta fito da tsumman goge kwano a hannu, ta ɗaga kai har wuyanta ya amsa.

"Orval, wannan fa? Garin za mu kwashe gaba ɗaya?"

"Ke dai ba ki san sha'anin nauyi ba," in ji shi. "Waccan ƙaramar, gidan ne ke tura ta, ba ita ke jan sa ba. Rayukanmu nake karewa, Nadine. Naki da nawa."

"To, a ina za ta riƙa kwana?"

Wannan tambayar ba ta taɓa zo masa ba. Gareji dai ko hancinta bai ɗauka ba. Haka lambun tumatirin Nadine ya sadaukar da kansa domin kare rayuka.

Daga nan aka shiga gyara. Aka cire mata jerin taya guda na baya, aka shimfiɗa dandamalin ƙarfe a gadon bayanta, aka dasa wani faranti mai baki wanda zai riƙa cafke wuyan gidan. In ka ji daga bakin Orval, duk shi ya yi. Kuma lalle yana wurin, a tsaye a garejin bakanike, hannu a ƙugu, yana cewa "yawwa, haka nake so" bayan an riga an ɗaure. Kafin ya fito yakan dangwali baƙin mai ya shafa a gaban riga, don kada mutanen gari su yi masa mummunar fahimta.

Aikin da ya yi da hannunsa shi ne gogewa. Ya goge tankin mai har tsuntsaye suka riƙa zuwa faɗa da hotonsu. Ya jera fitilu a goshi da haƙarƙari, in ya kunna sai ka ce bishiyar Kirsimeti ce ta samu lasisin tuƙi. Ya sa ham mai iska, irin na jirgin ƙasa. Kowace safiya yakan zagaya tayoyin da wani ɗan kulki, ya buga, ya karkata kunne, ya gyaɗa kai kamar likita. Abin da yake ji dai har yau sirri ne tsakaninsa da tayoyin.

Shiga ma ta canza. Ga takalmin kaboyi, ga safar hannu ta fata, ga bel mai kan ƙarfe kamar murfin tukunya, wanda tumbi ya yi wa rumfa. Burodi za a sayo, da Jan Bijimi. Coci za a je, da Jan Bijimi, ta cinye wurin fakin na rabin masu ibada, Nadine na hawa matakala da rigar Lahadi tana addu'a tun kafin a isa. In sun tsaya shan mai a tashar manyan motoci, sai ya nufi teburin direbobin da suka kwana a hanya, ya ja kujera, ya sauke ajiyar zuciya.

"Kai, mu direbobi muna ganin rayuwa. Ba wanda ya san wahalarmu sai mu."

Wani ya taɓa tambayarsa me ya ɗauko.

"Kaya masu daraja," in ji Orval, ya kurɓi kofi yana duban nesa.

Kayan kuwa kujerun shan iska ne, da murhun gasa nama, da kyanwar Nadine.

Zangon da suke sauka a hamadar Arizona cike yake da tsofaffi irinsu, masu gudun sanyi. Suna da ƙungiya. Lokaci-lokaci sukan yi ayari, gida na bin gida, su tafi bakin kogi su kwana biyu su dawo. Wanda ke gaba shi ne madugu. A wannan shekarar gwiwar madugun ta gaza, ya ce a nemi wani. Mutum biyu suka fito: Clete, wanda matarsa ce ta tura shi, da Orval, wanda tun kafin a ta da zancen ya riga ya kai an ɗinka masa kalmar "Madugu" a goshin hula. Aka ce kowannensu ya ja ayari sau ɗaya a gani, sannan a zaɓa. Clete ya ja nasa, aka je aka dawo, babu abin ba da labari. Orval ya ce abin ya ba shi tausayi.

Kullum da yamma, in mutane sun fito da kujeru da abin sha mai sanyi, sai ya tsaya a inuwar Jan Bijimi, ƙafa ɗaya a kan matakala.

"Jama'a, jan gida ba wasan yara ba ne. Ni ban raina kowa ba. Mai a-kori-kura ma ai mutum ne. Amma ranar da kuka gangaro daga tsauni, birki ya ɗau zafi, gidan ya fara ba ku umarni daga baya, ranar za ku tuna da Orval Pruitt. Direban gaske da jikinsa yake jin kayan da yake ja. Ni ko cokali ya faɗi a kicin ina tuƙi, a ƙashin bayana nake jin sa."

"To, Allah ya ƙara wa ƙashin bayan lafiya, Madugu," in ji Clete daga kujerarsa.

Orval ya ɗauki wannan a matsayin miƙa wuya.

Ranar da zai ja ayari, Nadine ta tashi da ciwon kai. Ta ce ba za ta iya hawa Jan Bijimi ba yau, a cikin gidan za ta kwanta a ja ta.

"Don Allah ka bi a hankali, ka ji? Wancan karon kwalbar zuma har gado ta same ni."

Ta ja labule, ta toshe kunnuwa da auduga saboda ham, ta rungume kyanwarta.

A waje kuwa Orval ya tara jama'a su ga yadda ake haɗa mota da gida. Ya yi baya, ya kauce. Ya sake, ya kauce. Ya leƙo ya ce da gangan yake yi don masu koyo su ga kuskuren da ake yi. Daga ƙarshe farantin ya shiga ƙarƙashin wuyan gidan. Ya sauko yana cire safar hannu yatsa-yatsa. Saura ya kulle bakin farantin, ya jona wayoyi, ya ɗage ƙafafun ƙarfen da gidan ke tsaye a kansu.

Daidai nan wata baƙuwa da ta zo daga Kanada ta matso da wayarta, ta ce ba ta taɓa ganin mota irin wannan ba, ko zai yarda ta ɗauke shi hoto da ita?

Orval mutum ne mai tawali'u, ba ya iya hana jama'a abin da suke so. Aka ɗauka a gaban hanci. Aka sake ta gefen hagu, domin nan ne fuskarsa ta fi kyau. Aka ɗauka a kan matakala. Sannan shi da kansa ya ba da shawarar a ɗauki ɗaya yana kan kujera, hannu a sitiyari. Da ya ji shi a sama, inji na gurnani a ƙarƙashinsa, duk zango ya ɗaga kai yana kallo, sai wani abu ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya ja igiyar ham. Ya sa giya.

Jan Bijimi ta zame daga ƙarƙashin gidan sumul. Gidan ya tsaya cak a kan ƙafafunsa, ko labule bai motsa ba.

Zango ya kaure da ihu. Tsofaffin da suka daɗe ba su yi gudu ba suka biyo shi suna kaɗa huluna. Clete har da sa yatsu a baki yana fito. Orval ya hango su ta taga, idanunsa suka ciko. Ashe haka mutanen nan ke ƙaunarsa? Ya ɗaga musu hannu, ya ƙara musu ham.

Yana hawa kwalta ya ɗauki rediyon oba-oba ya danna. Ita kuwa wannan rediyo, muddin kana danne da ita kana magana, ba ka jin kowa. Orval bai saki ba.

"Ayari, ayari, Madugu ke magana. Kowa ya bi sahuna, kada wanda ya wuce ni. Ga tudu nan gaba, ku lura da yadda zan haye shi ko giya ban canza ba. Clete, in an bar ka a baya kada ka ji kunya, za mu ajiye maka abinci."

Ya haye tudun kamar tsuntsu, ya sanar. Ya gangara, ya sanar. Ya yi bayanin birki, da iskar taya, da tarihin rayuwarsa tun daga katifa ta farko. Madubi kam ya duba shi ba adadi, sai dai kowane lokaci mutum ɗaya yake gani a ciki, kuma mutumin ya burge shi.

A bakin kogi ya yi kwana mai faɗi, a hankali, don kada bayan gidan ya taɓa bishiya. Ya kashe inji. Ya sauko, ya gyara bel, ya taka zuwa baya ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa wa Nadine ƙofa.

Hannun ya tsaya a iska. Babu ƙofa. Babu gida. Ya juya ya dubi hanya, babu ayari, sai wani ƙadangare da ke tsallakawa.

A nan ya ɗora hannu a ka, kuma wannan karon ba don jama'a ba ne. Abin da ya faɗo masa shi ne gidan ya ɓalle a gangaren tudu da Nadine a ciki. Ya koma mota da gudu, ya jefar da hular a kujerar gefe. Ya kama hanyar komawa a hankali, taga a buɗe, yana leƙa kowane kwazazzabo yana kiran sunanta da wata ƙaramar murya da ba wanda ya san yana da ita. Bai taɓa ham ba ko sau ɗaya.

Da ya shigo zango rana ta take. Ga gidan nan inda ya bar shi. Jama'a sun fito da kujeru sun zagaye shi, har an hura wuta ana gasa nama. Kowa na cizon leɓe yana danne dariya.

"Sannu da hanya, Madugu," in ji Clete. "Ya kogi? Mun ɗan yi zaɓen kafin ka dawo, don kada safiya ta tafi a banza."

Orval bai ko dube shi ba. Ya wuce ya fizgi ƙofar gidan.

"Nadine!"

Ta fito daga ɗakin kwana tana miƙa, tana zare auduga daga kunne, fuska fes, ciwon kai ya tafi.

"Har mun iso?"

Ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Ta zo bakin ƙofa, ta dubi wajen ta saman kafaɗarsa: ga bututun ruwansu na jiya, ga igiyar shanyarta, ga maƙwabtan da ta yi wa sallama da safe suna riƙe da faranti. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta kama kumatunsa da hannu biyu, ta yi magana yadda na ƙarshen zango ma zai ji.

"Orval, tun da na aure ka nake bin ka a mota, ban taɓa jin daɗin tuƙinka irin na yau ba. Ko girgiza babu. Don Allah kullum haka za ka riƙa yi."