Ni da Ragon Baba Ilu a Hanyar Ikko

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na tashi zuwa Ikko kallon ƙwallo ba, ko na so in manta ma mutanen Gaya ba za su bar ni ba. Lokacin ina saurayi, ina koyarwa a firamare a Ajingi, ƙarshen mako in hau keke in koma gida Gaya. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba aka ce ƙasashen Afirka za su haɗu a Ikko su yi gasa a wani sabon fili. Mu kuwa a shagon Mamman Tela muke taruwa mu ji ƙwallo a rediyo, duk cikinmu babu wanda ya taɓa ganin babban wasa da idonsa. Na bugi ƙirji na ce ni zan je in gano musu.

Shirin da na yi ba shi da aibu. In an cire gyaɗa an sayar, in hau jirgin ƙasa daga Kano da 'yar jakata guda da sabon wandon da Mamman ya ɗinka mini. Aibun a bakina yake. Tun gyaɗa ba ta nuna ba na fara shela, a kasuwar Ajingi, a ƙofar masallaci, har masu awon hatsi sai da suka san Malam zai je Ikko.

Abin da na manta shi ne, a wurinmu duk wanda yake da ɗa a kudu yana da haƙƙi a kan jakar matafiyi. Saƙo ya fara zuwa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a kwalba. In na tambayi inda zan sami mai shi, sai a ce, "Ka tambayi ɗan Gaya mai goro, kowa ya san shi." Duk na karɓa, don ba su da nauyi.

Ana gobe zan tafi wani dattijo daga Gafasa, Baba Ilu, ya yi mini sallama yana janye da farin rago mai manyan ƙahoni. Ɗansa Sale ya tafi Agege, can gefen Ikko, fataucin goro da daɗewa, sun rabu ba daɗi a kan maganar gona, bai sake waiwayar gida ba. Ga Babbar Sallah ta matso.

"Malam, an ce Ikko za ka."

"Ƙwallo zan je kallo, Baba."

"To ai hanyar ɗaya ce. Ka kai wa Sale wannan ya yi layya. Ka ce da hannuna na kiwata shi. Kada ka ƙara komai a kai."

Na kalli ragon, ragon ya kalle ni. Na haɗa uzuri mai kyau a raina, amma da na dubi ƙafafun tsohon, waɗanda suka tako tun daga Gafasa, sai na ji bakina ya ce, "To Baba, Allah ya kai mu lafiya."

A tashar Kano aka ce mini jirgin mutane ba ya ɗaukar rago. Haka na ƙare a saman motar shanu, ni da abokin tafiyata, motar da ta riƙa lalacewa kamar da gayya. (Sabon wandon nan kada ma a tambaye ni, ragon ya ɗanɗana ƙafarsa ɗaya tun ba mu ƙetare Kwara ba.) Kafin mu isa gasa ta yi nisa.

A Agege na gane kowane mai goro ya san wani Sale, sai dai ba nawa ba. Na yi ta yawo lungu-lungu da igiya a hannu, ina jin ihun 'yan kallo daga rediyon shaguna, zuciyata tana ƙuna. Rannan na gaji na ja ragon har bakin filin. Mai tsaron ƙofa ya dube ni, ya dube shi, ya faɗi wata magana da Yarbanci, mutane suka kwashe da dariya. Ban nemi a fassara mini ba.

Sai jajiberin Sallah na sami Sale. Na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni. Ya dafa ƙahon ragon, sannan ya ce, "Da ƙafarsa ya kawo maka?" Na ce da ƙafarsa. Bayan Sallah, ranar wasan ƙarshe, na yi sammako, na tarar fili ya cika an rufe ƙofa. A ɗakin Sale na ji nasarar 'yan wasanmu, a rediyo, ina cin soyayyen naman abokin tafiyata.

Da na dawo Gaya shagon Mamman ya cika maƙil. Ni dai ban ce na shiga fili ba, ban kuma ce ban shiga ba. Na ba da labari, ya yi daɗi, aka ce in sake. Kullum na sake sai ya ƙara gishiri, har na kai ina miƙewa tsaye in nuna yadda aka zura ƙwallo a raga.

Wata ranar kasuwa ina cikin nunawa, ƙafata ɗaya a sama, sai ga Baba Ilu ya yi sallama, Sale yana biye da shi. Ashe ya dawo gida. Tsohon ya kama hannuna ya yi ta sa mini albarka. Sale kuma, don ya ƙara mini daraja a idon jama'a, ya juya ya ce, "Wallahi bawan Allahn nan ko wasa ɗaya bai gani ba saboda ragon Baba. Na ƙarshen ma a ɗakina muka saurara."

Mamman ya tsayar da keken ɗinki, ya gyara tabarau, ya ce a hankali, "Ashe Malam, rediyon Ikko har hoto yake nunawa."

Dariyar da aka yi ta kai bakin kasuwa. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na rasa inda zan sa fuskata. Baba Ilu kaɗai ne bai gane abin da ake wa dariya ba, bai kuma tambaya ba, ɗansa kawai yake kallo. Sale bai koma Agege ba a wannan shekarar, tare suka yi noman damina.

Tun daga nan in zan yi tafiya ko maƙwabcina ba ya ji sai mota ta tashi. Amma na sha tambayar kaina, in yau wani tsoho ya sake miƙo mini igiya, ya zan yi? Na san karɓa zan yi. In na dawo ne kawai zan ba da labarin a zaune.