Katanga Tsakanin Mama da Kabarin Baba

Maƙwabcina Mai Walda ya yi asarar layinsa a gidan mai kwanan baya, kuma ba lalaci ne ya jawo masa ba. Tun da sanyin safiya ya dasa jarkarsa, don injin waldarsa ba ya tashi da alkawarin manya, sai an ɗura masa mai. Ana gab da zuwa kansa sai ga ƙanwarsa afujajan, ɗankwali a hannu: "Yaya, zo ka ga abin da aka yi wa Mama a maƙabarta!" Ya ɗauka Mama ce ta rasu, alhali da safen nan ya bar tsohuwa tana shan shayinta lafiya lau. Ya saki jarka ya bi ta. Sai da suka yi nisa sannan ta tuna ta gaya masa cewa Mama na nan da ranta, wurin da za ta kwanta ne aka taɓa.

Bari in warware muku, jama'a, don ni ma sai da aka zaunar da ni aka yi mini bayani. Marigayi baban Mai Walda ɗan Katolika ne na gani kashe ni, irin wanda ko ruwa zai sha sai ya yi alamar gicciye. Ita kuwa Mama ta tashi ne a wata coci da ba a durƙuso, ba a rataya hoto, ba a kuma yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi hankali a kai shi rafi a tsoma shi gaba ɗaya. Haka suka yi aure, ba wanda ya bar tasa. Ran Lahadi su fito ƙofa ɗaya, in sun kai mararraba shi ya yi dama ita ta yi hagu, su dawo su ci abinci a kwano ɗaya suna gardama. Ya ce zai roƙi Maryamu ta sa baki a kan taurin kanta, ta ce ita ta san hanya, ba ta neman ɗan rakiya. 'Ya'yan ma suka rarrabu. Mai Walda ya bi ubansa, ƙanwar ta koma cocin da ake kiɗa da lasifika ana addu'a har murya ta dushe, autansu kuwa ran Asabar yake tasa sujadar, Lahadi ya buɗe shagonsa hankali kwance. Da Baba ya rasu, aka bar wa Mama fili a gefen kabarinsa, ta jera duwatsu ta kewaye shi, duk unguwa an san wurinta ne.

To, ana nan sai Allah ya ba manyanmu basira. A garin da famfo ya manta kamannin ruwa, titi kuma ya zama ramuka da ɗan kwalta a tsakani, suka zauna suka gano cewa babbar barazanar da ke gabanmu ita ce kada mamatan Kiristoci su kaure da faɗa. Nan take aka kafa Hukumar Daidaita Kwanciyar Mamata, aka naɗa mata Mai Girma Babban Mai Kula da Zaman Lafiyar Waɗanda Suka Riga Mu, aka saya masa motoci don ya riƙa kai musu ziyara cikin mutunci. Aka yanka maƙabartar unguwa-unguwa, kowace coci da katangarta da ƙofarta, a kan kowace ƙofa kuma ga hoton Mai Girma yana yi wa mamata murmushi. Ni dai na jinjina masa. Tunda nake ban taɓa jin an kai ƙarar wani mamaci ba, amma ai ba a san gobe ba.

Da Mai Walda ya isa, ya tarar da Mama zaune a kan 'yar kujerarta, ta ƙura wa sabon bulo ido. Katangar ta ratsa daidai tsakanin kabarin Baba da filinta. Baba ya faɗa ɓangaren Katolika, filin Mama ya faɗa na masu sujadar Asabar, ɓangaren cocinta kuwa yana can ƙurya, bayan juji.

"Mama, tashi mu je gida," in ji shi.

"Ciyawa na zo cire masa," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ga labarin jikarsa da ta fara tafiya ban ba shi ba."

Ku lura, Mama ba ta yi wa mamaci addu'a. A cocinsu an ce wanda ya tafi ya riga ya tafi, sauran na Ubangiji ne. Mai Walda ne ke zuwa ya durƙusa da carbinsa na rosari yana nema wa ubansa rahama, ita tana gefe tana ba marigayin labarin tsadar kayan miya. Ba wanda ya taɓa hana wani. Yau ga shi tana magana da bulo, muryarta na rawa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don rabon da ya ji muryar tsohuwar nan ta karye tun ranar jana'iza.

"Ni dai a nan zan kwanta," ta ce. "Ku san yadda za ku yi."

Washegari ya nufi wurin Fada, wato limaminsu na Katolika. Fada ya ce shi ma labarin katangar a bakin magina ya ji, ranar da suka shigo roƙon ruwan kwaɓa siminti. Ya je wurin faston su Mama, Fasto ya ce ko da wasa ba a tuntuɓe shi ba, kuma wa zai raba tsohuwa da mijinta? Dukansu biyu suka ce za su raka shi ofis. Mai Walda ya ji daɗi har ya fara ganin an gama magana, ga Fada a dama ga Fasto a hagu, wane mai girma ne zai musa?

Kuskuren da ya yi ɗaya ne, bai zauna a tsakaninsu ba. Aka ajiye su a kan benci a bakin ofis, sakatare ya ce Mai Girma yana ganawa. Ganawa ta yi tsawo, ana jiyo ƙarar cokali. Fada ya yi gyaran murya ya tambayi Fasto lafiyar iyali, Fasto ya ce lafiya lau, matarsa ma ta haihu. Fada ya yi barka, sannan, da yake hali ba ya ɓuya, ya tambaya yaushe za a yi wa jaririn baftisma.

Shi ke nan, an taɓo wurin. Fasto ya ce sai yaro ya girma ya zaɓa da bakinsa. Fada ya ce ashe in yaro bai da lafiya sai ya girma ya zaɓi magani? Fasto ya zaro Littafi Mai Tsarki daga jaka, Fada ya ce ba sai ya buɗe ba, ya san ayar, ya kuma san ta gaba da ita. Gardamar nan sun saba yin ta, a wurin biki, a wurin makoki, su gama su raba lemo. Daɗinta ma suke ji. Mai Walda yana ta "Fada, don Allah," "Fasto, a yi haƙuri," ba wanda ya ji shi. Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, sai ga Mai Girma tsaye yana sakace haƙori, fuskarsa cike da farin ciki.

"Kun gani ko?" ya ce wa sakatarensa. "Masu rai ma ke nan. Ina ga waɗanda ba su da aikin komai sai kwanciya?"

Aka shiga ciki. Mai Walda ya cire hula ya zayyana komai, ranka ya daɗe a farkon kowace magana da ƙarshenta. Fada da Fasto suka ce su bakinsu ɗaya a kan wannan, a bar tsohuwa ta kwanta kusa da mijinta. Mai Girma ya yi murmushin nan na kan ƙofar maƙabarta, ya ce ai ya ji irin bakin nasu ɗaya tun daga cikin ofis. Sannan ya juyo ga Mai Walda.

"Ita gyatumar taka, wace irin Kirista ce takamaimai?"

"Ranka ya daɗe, 'yar cocin Fasto ce. Amma tun rasuwar Baba takan bi ni tamu wani lokaci ta zauna a inda yake zama, ba ta dai durƙusawa. In ƙanwata ta matsa mata, ta bi ta tasu ta yi tafi. Ran Asabar kuma ba ta aiken auta ko'ina."

Mai Girma ya dafe kai. Ya ce irin wannan ruɗanin ne ya sa aka kafa hukumarsa. Amma da yake shi uban kowa ne, ga mafita: tsohuwa ta koma Katolika kafin ta cika, sai a duba mata wuri a cikin katanga. Fada ya ce ba haka ake shiga ba, sai da koyarwa, sai kuma da yardar zuciya. Mai Girma ya ce wannan matsalar cikin gida ce, hukuma ba ta tsoma baki a harkar addini. Da Fasto ya tambaya ko za a fasa katangar daidai wurin, sai ya ce za a kafa kwamiti ya duba yiwuwar buɗe 'yar taga.

Maganar nan ta Mai Girma ta bi Mai Walda har gida. Shi kansa ya daɗe yana burin ranar da uwarsa za ta durƙusa kusa da shi ta karɓi jibin Ubangiji daga hannun Fada, bai dai taɓa samun ƙarfin halin furtawa ba. Yanzu ga dalili ya faɗo masa daga sama. Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ya ja kujera, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya saki maganar.

Mama ta ajiye tire ta dube shi sama da ƙasa.

"Ubanka ya fi ka iya magana, ya fi ka kyau, ɗaki ɗaya muka kwana har gashinmu ya yi fari, bai juya ni ba. Sai wani mai tumbi da bulo?"

"Mama, don wurin ne fa. Ke kika ce a nan za ki kwanta."

"Na faɗa, kuma har gobe shi nake so. Amma in je gaban Ubangiji da bakin da ba nawa ba saboda rami? Shi kansa marigayin sai ya fi kowa yi mini dariya." Ta ɗauki tirenta. "Ku kai ni bayan jujin. Ya san ba ni na guje shi ba."

Mai Walda ya tashi cike da kunya da baƙin ciki. Ranar ko injin bai taɓa ba. Ya zo ya zauna a ƙofar gidana yana tambayata ko akwai wanda na sani a sama. Na ce masa wanda na sani a sama ɗaya ne, kuma su Fada sun fi ni kusa da shi.

Jiya da la'asar aka yi ruwa. Ba wani ruwan a zo a gani ba, yayyafi ne mai ɗan ƙarfi, ko shanya ban kwashe ba. Kafin a ɗauke, katangar hukuma ta kwanta daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mai Walda ya je ya ɗauki bulo ɗaya ya murza, ya bi ta tsakanin yatsunsa kamar gari. Ashe simintin gaisawa kawai ya yi da yashin ya wuce. Yanzu haka 'yan Katolika da masu tafi da masu Asabar suna can a cakuɗe yadda suke da, kuma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba a samu rahoton tashin hankali ba.

Da safen nan hukuma ta yi shela cewa maƙiyan zaman lafiya ne suka haɗa baki da hadari, kuma za a sake gina katangar, ta fi ta da tsayi. Mai Walda ya shiga wurin Mama yana jan ƙafa, ya rasa ta inda zai fara. Ta saurare shi har ya gama.

"Wa za a ba aikin?" ta tambaya.

"Wanda ya yi na farko, Mama. An ce surukin Mai Girma ne."

Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya, ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"To, mun gode wa Allah. Ubangiji ya ƙara masa kwangila."

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a wannan shafi ina tsine wa ɓarayin siminti, yau bakina ya mutu. Roƙo ɗaya nake yi ga Fada da Fasto da duk mai riƙe da lasifika a garin nan: in kun haɗu da surukin Mai Girma, ku gaishe shi da kyau, amma don girman Allah kada wanda ya yi masa wa'azin tuba tukuna.