Ranar da na goge tsagar marigayiya

Ni gida na sani, ba shago ba. Amma maigidana mai hoto ne a Sabon Gari, kuma na sha kallon yadda yake gyara tsofaffin hotuna a kwamfuta, har na yanke hukunci cewa aikin shara ce kawai.

Ranar da ya tafi Samaru ɗaukar ɗalibai hoto, ya bar min shagon. Akwai hoton wata marigayiya da za a sa a kalandar addu'ar tunawa da ita ranar Asabar, duk ya karce. Na ja kujera, na ƙara girman fuskar, na bi kowane layi na share. Wasu uku-uku a kumatu sun ba ni wahala, amma ban bar ko ɗaya ba. Na buga kalandun duka don in burge maigida.

Ɗan marigayiyar, Baba Ishaya, ya zo karɓa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Madam, baiwar Allahn nan kyakkyawa ce. 'Yar gidan wa ce?"

"Mamarka ce, Baba."

"Uwata ta shiga kabari da tsagarta. Mutuwa ma ba ta raba su ba, sai ke."

Maigida ya sake aikin, amma labari ya riga Asabar isa coci. Yanzu in na je gaida surukata, sai ta rufe kumatunta da hannu ta ce, "Shigo, 'yata, amma tawa ki bar min."