Yadda Za Ka Haɗa Irin Rufe Ƙasa a Gonar Surukinka Alhali Ba Ka San Komai Ba

Ɗan'uwa, kai ne bakinka ya zame a gaban surukinka? Ka ce masa ai ka san shukar rufe ƙasa, wadda ake cuɗa iri daban-daban a watsa wa gajiyayyar gona in zafi ya shigo, don ƙasa ta samu inuwa ta farfaɗo. Shi kuwa ya ce, "Madalla, ga gonata ta bakin rafi, gyara mini ita." Share guminka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fita da mutuncinka cif.

Mataki na 1: Tsayuwar masana

Za ka tarar ya jera maka buhunan dawa, gero, wake da riɗi a tsakar gida. Kul ka yi tambaya. Zura hannu cikin waken, ka ɗebo, ka sunsuna, ka girgiza kai. In ya ce, "Lafiya, ɗana?" sai ka ce, "Ba komai, Baba, za mu lallaɓa da shi haka." Gwani ba ya yabon irin da ba shi ya sayo ba.

Mataki na 2: Rabon kaso

Masu abin suna cewa a rage wa dawa da gero hannu, domin 'yan haɗama ne, da sun tashi sai su danne kowa. Wake ake ba kaso mai tsoka, shi ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wannan bayanin sai ka gama aiki zai iso kunnenka. A yanzu dai, buhun da ya fi kusa da ƙafarka shi ne mai babban rabo, wato dawa. Tuttula ta cikin buhun da za ka yi haɗin. In surukin ya ce, "Kwano nawa ke nan?" ka ce, "Baba, wannan aikin ba a auna shi, hannu ne ke ji."

Mataki na 3: Uwargida

Matarka za ta matso ta raɗa maka, "Baban yara, kai da ko tumatir a bokiti bai taɓa yi maka ba?" Yi murmushi, ka ɗaga murya: "Haba, kin bar Baba ba ruwan sanyi?" Kafin ta dawo ka ɗaure bakin buhu.

Mataki na 4: Watsawa

Riɗi ɗan mitsitsi ne. Babur na jijjiga ku a hanya, riɗin kuma yana silalewa gindin buhu. Kada ka wahalar da kanka da juyawa. Watsa yadda ya zo, riɗin ya ƙare kaf a lungu ɗaya. In mai wucewa ya tsaya kallo, ce masa gwaji ake yi.

Mataki na 5: Ɓacewa

Ruwa zai sauka. Dawa za ta miƙe ta wuce tsayin mutum, wake ya yi rawaya a ƙarƙashinta kamar mai jinya. Daina bin layin surukai. In matarka ta ce, "Baba fa yana ta nemanka," dafe ƙugu ka ce ciwon bayan nan ne ya motsa. Ciwon baya ba shi da shaida, shi ya sa nake ba kowa shawararsa.

Mataki na 6: Ranar kamu

Wata safiya surukin zai yi sallama da kansa, ya ɗauke ka zuwa gonar. Za ku tsaya gaban dajin da ka ƙirƙira. Tanadi ban-haƙuri a bakinka, amma kada ka riga shi magana. Zai dafa kafaɗarka ya ce, "Ɗana, albarkacin dawar nan, shanuna ba su taɓa ƙoshi irin na bana ba. Ashe haka kake, ka yi shiru?" Sunkuyar da kai ka ce: "Baba, ai da gangan na yi."

Gargaɗi

A nan hannuna ya fita. In daɗi ya kwashe shi ya tara manoman ƙungiyarsu a ƙarƙashin rumfa, aka ɗauko aron lasifika, aka tsayar da kai a tsakiya ka koyar da su, wannan tsakaninka da su ne. Ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In sun matsa sai ka faɗi malaminka, ce musu a rediyo ka ji, kuma mai shirin ya rasu.