Wakilai Uku da Tukunyar Suna

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na hau jirgin ƙasa sau biyar a cikin Kuala Lumpur ina farautar makullai uku. Na dawo gida da guda ɗaya, shi ma sai da aka rantsar da ni kafin a danƙa mini. Ga zufa, ga ruwan la'asar da ya tare ni a tashar KL Sentral, ga takalmi ya tsinke.

Matar maƙwabcina Zahraddeen, wanda ke karatun digiri na uku, ta haihu ranar Asabar. Suna sai Asabar mai zagayowa. Surukarsa, da muke ce wa Iya, ta taso takanas daga Kano don jego, ta kuma ce ba za a yi sunan jikanta na fari da shinkafar roba da ake sayowa a ƙunshe daga shago ba. Girki za ta yi da hannunta, na mutum ɗari. Tukunyar da za ta ɗauki wannan aiki guda ɗaya ce tak a cikin jama'armu, tana kulle a siton Majalisar Zumunta, a bayan wani bene a Brickfields.

Majalisar Zumunta ita ce 'yar gwamnatin da mu baƙin garin nan muka kafa wa kanmu. A da, mazaɓarmu ta Tsakiyar Birni, wato Brickfields da Bukit Bintang da Kampung Baru, wakili ɗaya gare ta. Ba waliyyi ba ne, amma in ya yi laifi mun san ƙofar da za mu je mu yi masa tijara. Bara sai masu ilimi suka zo da sabon tsari: mazaɓa ɗaya, kujeru uku, kowa ya jefa ƙuri'a uku. Suka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ni ban yi boko mai zurfi ba, abin da na sani a kan tabarmar shago na koya, amma na miƙe a taron na ce tun da ɗan Adam ba abin yarda ba ne, a sa wa sito kwaɗo uku, kowane wakili ya riƙe makulli ɗaya, kada wani ya buɗe sai da idon 'yan'uwansa. Aka tafa mini. Na fi wata ina jin daɗin tafin nan.

Shi ya sa da Zahraddeen ya zo ya ce, "Kawu Ɗayyabu, kai ka kawo dokar nan, kai za su ji wa kunya," ban iya musu ba.

Mai Girma Wakili na Ɗaya, Garkuwan Marasa Galihu, na same shi a zauren wani otal a Bukit Bintang yana shan sanyin na'ura kyauta. Ya karɓe ni hannu biyu-biyu, ya yi wa jariri addu'a doguwa.

"Makulli kuwa yana nan," in ji shi, ya buga aljihu. "Amma ni na fi kowa ƙuri'a. Babba ba ya fara miƙa hannu. Kawo na waɗancan biyun in gani, sai in cika."

"Ranka ya daɗe, suna jibi ne."

"Tsari tsari ne, Malam Ɗayyabu. Kai ka koya mana."

Mai Girma Wakili na Biyu, Katangar Al'umma, yana Kampung Baru a wata rumfa, ya tasa nasi lemak, shinkafar kwakwa ta mutanen nan, a gaba. Ya ce shi a iya saninsa Brickfields ba ɓangarensa ba ne. Na tuna masa cewa ranar zaɓe har ƙofar gidana ya zo a Brickfields ɗin, ya ce duk birnin nasa ne, ya ci mini dabino rabin faranti.

"Wannan kamfe ne, lah," in ji shi, har da ɗan 'lah' ɗin da Malayawa ke rufe magana da shi. "Yanzu aiki muke."

Da na ƙi tashi, ya kuma ga ba zan bar shi ya ci abincinsa cikin kwanciyar hankali ba, sai ya zaro makullin, ya sa na rantse ba zan nuna wa Wakili na Ɗaya ba, don ba sa ga-maciji tun rabon kujerun zama a taron Sallah. Ku duba lamarin: wancan ba zai bayar ba sai ya ga wannan, wannan kuma an rantsar da ni kada in nuna.

Mai Girma Wakili na Uku, Fitilar Matasa, a waya na same shi. Yana can tsibirin Langkawi, wai ziyarar ƙaro ilimi, don ya ga yadda sauran al'ummomi ke adana kayan taronsu. Ina jin ƙarar igiyar ruwa a bayansa. Ya ce makulli yana cikin jakarsa, zai dawo in an kammala rahoto. Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri. Ba kowa ne zai jure zama bakin teku saboda talaka ba.

Da na koma na zayyana wa Iya, sai da ta gama tsince wake sannan ta ɗago.

"Malam Ɗayyabu, da wakilinku nawa?"

"Ɗaya, Iya."

"Yanzu fa?"

"Uku."

"Tukunyar ita ma ta zama uku?"

Ta yafa mayafi ta ce in kai ta ta ga ƙofar da idonta.

Juma'a da hantsi muka tsaya gaban sito, ni da ita da Zahraddeen, muna kallon kwaɗo uku reras kamar lambobin yabo a ƙirjin soja. Na buɗe na tsakiya don dai kada wahalata ta tashi a banza. Sai ga Kader, Ba'indiyen da ke da shagon mamak, wato gidan abinci, a jikin benen, ya fito zubar da ruwa. Zahraddeen ya yi masa bayani. Mutumin ya dubi ƙofar, ya dube mu, ya ce, "Boleh, boleh," wato mai yiwuwa ne. Ya shiga ya ɗauko sukundireba. Bai ko kalli kwaɗunan ba. Ɗaya gefen ya nufa, wurin ƙarafan da ke riƙe da ƙyauren a jikin bango. Notunan suka riƙa fita sumul, har da maiƙo a jikinsu, irin na abin da ya saba shiga da fita. Ƙyaure ya buɗe ta baya, dokata na rataye a jikinsa ba wanda ya taɓa ta.

A ciki mun tarar da allunan kamfe uku masu ɗauke da fuskokin Masu Girma suna murmushi, da ludayi mai karyayyen hannu, da murfin tukunya. Murfin kawai. Babu tukunya, babu dardumai, babu rumfa.

Kader bai yi mamaki ba. Ya ce ai wakilan dukansu ukun suna zuwa, kowa da ranarsa, kowa da sukundirebarsa. Shi ya ɗauka haka al'adarmu take wajen buɗe ƙofa, shi ya sa bai tambaya ba.

Iya ta ɗaga murfin, ta juya shi, ta miƙo mini.

"Riƙe, Malam. Rabon talakawa ke nan."

Na sha faɗa a wannan fili da nake rubutu cewa amanar da aka raba wa mutum uku ba ta da uba. In ta ɓace, kowa ya nuna na kusa da shi. Abin da ban taɓa faɗa ba, yau zan faɗa: na zata ɓarawo ta gaban ƙofa yake zuwa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Kader ne ya fitar da mu kunya. Ya ara wa Iya tukunyarsa ta dafa shinkafar biriyani, wadda yaro zai iya wanka a ciki, ya ce ladansa kwano ɗaya na abin da za ta dafa. Asabar aka raɗa wa jariri suna Al-Amin. Shinkafa ta wadata har Malayawan bene na sama suka samu.

Masu Girma kuwa duk sun halarta. Fitilar Matasa ya katse ziyarar ƙaro ilimi saboda muhimmancin taron. Tun da aka zaɓe su, ranar ce ta farko da aka ga su ukun a kan darduma ɗaya, ta aro, hannuwansu cikin tire ɗaya. Garkuwa ya yi jawabi a kan riƙon amana. Katanga ya yi alkawarin kwamitin bincike. Fitila ya kawo shawarar a mai da kujerun mazaɓar biyar, don a ƙara sa ido. Iya ta leƙo daga kicin ta tambaya ko ƙofar za ta ɗauki kwaɗo biyar.

Makullin Wakili na Biyu har yau yana aljihuna. Bai aiko a karɓa ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Me mai sukundireba zai yi da makulli?